Jan Wake Biyu

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau na fara wa 'yan aji biyu lissafin yiwuwa, wanda littafinsu ke kira firobabiliti. Duk shekarar da na shiga wannan babi da alli da allo kaɗai, sai in juyo in tarar rabin 'yan matan sun yi barci da ido buɗe, don haka na ce bana da hannu za mu yi. Matsalar farko, ina kwabo? Yaran nan tun da aka haife su ba su taɓa riƙe kwabon Najeriya ba. Sai da na biya ta bakin tasha wajen Dabo ɗan canji na aro ƙarfen sefa, kwabon Nijar. Ya miƙo min yana dariya, wai, "Malama Shahida, ke ma kin shigo sana'a?" Na ce ya ji da tasa.

Kowace ta fito ta jefa, muna zanawa a allo, gefen lamba ko gefen zane. Ihu kamar gidan biki. Aishatu Humaira, 'yar gaban aji mai bakin aku, ta jefa lamba ta fito, ta sake lamba ta fito, har sau huɗu. Sai ta riƙe ƙugu ta ce, "Malama, yanzu kam dole zane shi hito, layinai na." Na ce mata ƙarfe bai san layi ba, bai ma san abin da ya yi ɗazu ba. Na faɗi maganar da ƙarfin da ya wuce na darasi, har ta ɗan ja baya.

Ɗana Izzuddeen ya wuni yana rigima, in ji Gwaggo. Watansa bakwai, ai lokacin haƙori ne. Haƙori ne.

Laraba, 8 ga Oktoba, da azahar

Jiya na kai 'ya'yan ludo aji, yau ga Malam Maccido, baban Humaira, har ofishin malamai da rawaninsa. Shi ke da makarantar Islamiyyar unguwarsu. Bayan gaisuwa ya ce, "Malama, mun kawo ɗiyanmu su yi karatu. Mi ah haɗin karatu da caca?"

Raina ya ɓaci, ga shi ban yi barcin kirki ba. Na ce, Allah shi gafarta Malam, waɗanda suka san lissafin nan su ke cinye waɗanda ba su sani ba. Na ce ya leƙa bakin kasuwa ya ga samarin da cacar ƙwallo ta waya ta mayar abin tausayi. Ya shafa gemu, sannan ya ce, "Gaskiya ta. Amma ɗan ludo dai a'a. Ki yi musu da wake. Wake abinci na." Ya ce zai aiko min daga gonarsa ta Tozai, fari da ja. Mutumin kirki ne, ni ce na zo masa da zafi.

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan sallar asuba

Izzuddeen ya ƙi nono. In na taɓa hannunsa na dama sai ya tsandara ihu.

Asabar, 11 ga Oktoba, da hantsi

Ina yi masa wanka na ga bayan hannun. Ya tasa, yatsun sun yi suntum, ga ɗumi. Na zauna da soso a hannu har ruwan ya huce.

Gwaggo ta ce cinnaka ne, ta shafa masa man kaɗanya. Gwaggo Rabi'a ƙanwar babana ce, kuma ita ta haifi mijina Attahiru, ita ke riƙe min yaron in na tafi makaranta, ba na musu da ita. Na ce ƙila cinnakan ne. Wanda maciji ya taɓa sara ko tsumma ya gani sai ya zabura, na sani. Amma na san hannun nan. Haka na 'yata Afnan ya fara, ita ma ba ta kai shekara ba a lokacin.

Sikila. To, na rubuta. Bara war haka aka kai Afnan makwancinta tana da shekara huɗu, ina da cikin Izzuddeen.

Likitan da ya gwada jininmu a Sakkwato bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ni da Attahiru kowa na ɗauke da rabin abin, kuma kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne. Attahiru ya ɗauko "ɗaya cikin huɗu" ya taho da shi gida, ya bar "kowane ciki" a ofishin likita. Ranar sadakar ukun Afnan ya shigo ɗaki idanunsa jawur, ya dafa cikina ya ce, "Maman Afnan, ɗayan ta tahi. Ukun da sunka rage lahiya lau za su zo." Da maganar nan ya iya cin abinci, da ita ya koma fataucinsa na dabino a Ƙwanni ta Nijar. Gwaggo ma ta kama, ranar suna tana ta gaya wa mata. Sau ɗaya na zaunar da shi zan yi masa bayani, ya ɗaga hannu ya ce in bar lissafi a makaranta. Ko gwajin jinin yaron bai yarda an yi ba, wai neman magana ne.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da yamma

Ranar kasuwa, gari ya cika da babura da ƙarar shanu. Abban Afnan ya dawo da 'yar hula mai ɗinkin hannu, ya ɗora wa yaron, yana ce masa Alhaji. Har yanzu Abban Afnan nake ce masa, bakina ya ƙi sauyawa. Na sa wa Izzuddeen riga mai dogon hannu duk zafin nan, na lulluɓe shi da zane. Bai tambayi dalili ba. Tuwon ma kaɗan ya ci.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan an tashi makaranta

Wake ya iso, kwano biyu. Na ɗinka 'yan jakunkuna da ragowar atamfa, na raba yara rukuni-rukuni. Yau jaka ɗaya muka yi: fari bakwai, ja uku, a rufe ido a zaro, a duba, a mayar, a girgiza. Mayarwar ce ba sa so. Sai ka ga yarinya ta zaro ja ta ɓoye a hijabi, wai don kada ya sake fitowa. Na ce duk wadda na kama ba ta mayar ba, ita za ta share aji har ƙarshen zango.

Humaira ta ɗaga hannu. "Malama, Baba ya ce komi an riga an rubuta shi. To lissahin ga na mi na?" Na ce babanta ya yi gaskiya. Wanda ya rubuta ya san abin da ya rubuta, mu da ba mu ga rubutun ba mu ke lissafi. Ta gyaɗa kai. Na ji daɗin amsar nan tawa har na isa ƙofar gida na jiyo kukan Izzuddeen.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da la'asar

Darasin jaka biyu ne ya kamata yau. Na ba su aikin raba lamba, suka yi ta ƙunƙuni. Oho dai.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Ƙafar hagu ita ma ta tashi. Jikinsa da zafi.

Gwaggo ta daina cewa cinnaka. Na tarar da ita ta ɗora ƙafar a tafin hannunta tana kallo. Da ta ji motsina ba ta ɗago ba, ta ce, "Shahida, ni nih haɗa ku. Nic ce zumunci shi ƙara ƙarhi." Na ce, haba Gwaggo, wa ya san gwajin jini a gidan nan lokacin? Kuma ba wanda ya ja ni, da ƙafata na tafi, ina son sa. Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Ran Laraba shina Ƙwanni. Ki kai yaron ga Sakkwato. Amma don girman Allah kada ki hwaɗa mai tukuna, maganar nan ta ukku ita ar riƙe da shi."

Na ce to. Ni ɗin fa, me ke riƙe da ni? Ba wanda ya tambaya.

Litinin, 20 ga Oktoba, da yamma

Na yi jaka biyun. Ba yadda zan yi, jarrabawa na tafe.

Kowace jaka wake biyu ne a ciki, fari ɗaya, ja ɗaya. Hannun dama a wannan, hannun hagu a waccan, a zaro tare. Na zana gida huɗu a allo: fari da fari, fari da ja, ja da fari, ja da ja. Tun ina zanawa allin ke karyewa a hannuna. Babu yarinyar da ta san abin da nake gani a allon nan, su wasa suke. Aka yi ta zarowa ana mayarwa, layuka suna taruwa, gidan ja da ja ya tsaya kusa da kashi ɗaya cikin huɗu kamar yadda littafi ya ce. Suka yi tafi.

Sai Humaira ta fito. Ta zaro, ja da ja. Ta mayar, ta girgiza, ja da ja. Aji ya ɗauki shewa. Ta ce, "Wallahi na ukku ba shi yi!" Ta buɗe hannu, ja da ja. Wata daga baya ta ce, "Humaira mai ƙashin tsiya!" kowa ya kwashe da dariya.

Ban san lokacin da na buga tebur ba, wake ya watse ko'ina. Na ce, "Wa ad da ƙashin tsiya? Mi tay yi? Hannu kawai tas sa! Jaka ta san wa ka zarowa? Ta san an taɓa zarowa?" Muryata ta fashe. Humaira ta fara kuka, ta ɗauka da ita nake. Na fita na tsaya bayan ajin wajen bishiyar dogonyaro har aka kaɗa ƙararrawa. Da na dawo ɗaukar jakata na tarar sun tsince waken tas, sun ware fari daban, ja daban, sun ajiye min a kan tebur.

Tir da halina. 'Ya'yan mutane.

Talata, 21 ga Oktoba, lokacin tara

Na ba Humaira haƙuri a gaban aji. Ta ce, "Ba komi Malama, Allah shi ba yaronki lahiya." Ban gaya wa kowa ba shi da lafiya ba. Ƙila fuskata ce.

Laraba, 22 ga Oktoba, bayan magariba

Mun je mun dawo. Na nemi izini a makaranta na ce zan kai yaro asibiti, ban ƙara komai ba. Motar ta cika da mata da buhunan albasa, a kowane shinge sai an tsaya, shi kuma yana kuka. Wata tsohuwa a gefena ta kalli ƙafar ta kalle ni, ta ce Allah shi sawwaƙe.

Ba likitan da ba ne, wata matashiya ce. Tana wasa da shi tana ce masa angonta, har ta janye safar ƙafarsa. Daga nan wasan ya tsaya. Ta tambayi ko akwai mai irin ciwon a gida, na ce akwai da. Aka ɗebi jini. Ta rubuta maganin zafi da na zazzaɓin sauro da na ƙarin jini, ta ce a yawaita ba shi ruwa, kada sanyi ya taɓa shi, za su kira ni in sakamako ya fito. Duk abin da ta faɗa na haddace shi tun shekarun baya, amma na bar ta ta gama, ina cewa to.

Na riga Abban Afnan isowa gida. Kwalaben na tura su bayan kwallaye.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da hantsi

Ba su kira ba. Uku cikin huɗu ai ba kaɗan ba ne. Uku cikin huɗu.

Asabar, 25 ga Oktoba, da la'asar

Kumburin ya fara sauka, yau har ya yi dariya. Ka ga mutum, nan da nan na fara cewa ƙila cinnakan ne.

Abban Afnan bai fita ba. Ya zauna a tabarma da yaron a cinya yana gaya masa yadda ake gane dabino mai kyau, wai nan da shekara goma sha biyar shi zai riƙa tsallaka iyaka, uban ya huta. Yana maganar bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Ya rame. Abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa, ga nawa abokin kukan a gabana, na buɗe baki sai na ji ina tambayarsa ko in dama masa fura. Ya ce a'a.

Ina kewar Afnan yau kamar raina zai fita. Ina jin haushin kowa, har da shi, har da Gwaggo, har da likitan da ya ce "cikin huɗu" bai tsaya ya ga yadda aka ɗauki maganar ba. Alhali ya faɗa daidai, ni shaida ce.

Litinin, 27 ga Oktoba, da azahar

Sun kira lokacin tara, ina ofishin malamai.

Na ce na gode. Wallahi godiya na yi wa likitar. Na koma aji na ci gaba da bitar jarrabawa, na yi misali uku a allo, ban yi kuskure ko ɗaya ba.

Irin na Afnan ne.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Gwaggo ta dube ni tun daga zaure, ba ta tambaya ba. Ta shiga ɗakinta ta tada sallar da ba lokacinta ba.

Laraba, 29 ga Oktoba, da yamma

Ina gyaran jarrabawar jiya. Tambaya ta biyar ni na tsara ta da hannuna tun farkon zango: yarinya ta zaro ja da ja, ta mayar, ta girgiza, mene ne yiwuwar ta sake zaro ja da ja? Fiye da rabin aji sun rubuta sifiri. Wata ma har da ƙarin bayani, wai ai ya riga ya fito. Bayan duk waken nan, bayan ihun da na yi musu! Na bi su da jan biro ɗaya bayan ɗaya, ina sokewa ina jin tausayinsu, don na san daɗin amsar nan. Humaira ta rubuta ɗaya cikin huɗu, ta ja layi biyu a ƙasa.

Gobe zan gaya wa Abban Afnan. Ko jibi.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan magariba

Ya dawo tun kafin la'asar, abin da bai saba ba. Ina tsakar gida da Izzuddeen a cinya, kwalba a gefe, cokali a hannu. Ban ji tsayuwar babur ba, sai sallamarsa. Babu lokacin ɓoyewa, kuma na gaji da ɓoyewa.

Ya tsaya yana kallon kwalbar. Shekara uku shi ke sayo irinta, ba ya buƙatar karanta jikinta. Ya cire takalmi ya zauna a bakin tabarma, ya karɓi yaron, ya zare safar a hankali, ya riƙe ƙafar.

Ya ce, "Maman Afnan, tun ranar da hannun yat tashi na gani."

Na ɗago na dube shi.

Ya ce, "Ina ta roƙon Allah ke ba ki gani ba. Nic ce in kin gani ba ki iya ɗauka. Ƙwannin da nika zuwa, wallahi ko buhu ban kwance ba, zama kawai nika yi bakin rumfa."

Na ce, "Ni ma don kai nika sa mai dogon hannu."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba, sai hawaye. Ban taɓa ganin ya yi kuka a tsakar gida da rana ba, ko ranar Afnan a ɗaki ya yi. Na gaya masa Sakkwato, na gaya masa kiran ranar Litinin. Yana ji yana gyaɗa kai. Gwaggo ta fito ta tsaya a bakin ƙofarta.

Da ya natsu ya share fuska da hannun riga ya juyo gare ni sosai, karon farko cikin makonnin nan.

"To yanzu biyu ke nan," ya ce. "Ke kin san lissahi, ni ban sani ba. Biyun da sunka rage, su kam lahiya za su zo. Ko?"

Ta bayan kansa ina hango Gwaggo ta haɗa hannuwa biyu tana roƙona da ido. Kalma ɗaya ce, kuma da ya tashi ya ci tuwo yau. Ina son mutumin nan, Allah ya sani.

Na ce, "A'a, Abban Afnan. Kowane ciki da nashi ɗaya cikin huɗun. Ko goma munka haihwa."

Ya ce, "Ko goma."

Na ce, "Ko goma."

Gwaggo ta saki labule ta koma ciki. Ya daɗe yana kallon yaron, shi kuwa ya kama maɓallin rigarsa yana ƙoƙarin kaiwa baki.

Ya ce, "Da kin ce mani e, da na yarda."

Na ce, "Na sani."

Ya miƙo hannu ya karɓi cokalin daga hannuna, ya ɗauki kwalbar ya girgiza, ya tambaye ni rabi ake ba wannan ko cike.